Hoton Jini a Gindin Farce: Nazari kan Duba Siraran Jijiyoyin Fata da Na'ura da Matsayinsa a Gari Irin Nyanya

Gabatarwa

Duk aikin da zuciya da huhu da manyan jijiyoyi ke yi, a wuri ɗaya yake ƙarewa, wato cikin siraran jijiyoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 5 zuwa 10 ba. Maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A nan jajayen ƙwayoyin jini ke bin layi ɗaya bayan ɗaya, su sauke iskar oksijin, jini ya kwashi dattin jiki ya wuce. Sikila da maleriya mai tsanani da ciwon suga da gubar ƙwayoyin cuta a jini, duk a wannan mataki suke fara ɓarna. Amma awon hawan jini da bugun zuciya da ake yi kullum a asibiti, labarin manyan jijiyoyi yake bayarwa. Kamar mutum ne ya tsaya kan gadar Nyanya ya ga motoci na gudu kan titin Keffi, ya ce gari lafiya, alhali lungunan cikin unguwa a cushe suke.

Wannan nazari ya dubi fasahar ɗaukar hoton waɗannan jijiyoyi ta fata, musamman a gindin farce, da manhajojin da ake horarwa su karanta hoton da kansu. An auna ta da yanayin Nyanya, garin da ke ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, wanda ya tashi a matsayin matsugunin ma'aikatan da suka gina babban birnin, ya kuma haɗe da Mararaba ta Jihar Nasarawa. Matsayar nazarin ita ce ɗaukar hoton ya yi araha, amma hukuncin da za a yanke a kansa bai yi ba, kuma manhaja ba ta sanin yatsan da ba a taɓa nuna mata irinsa ba.

Dalilin zaɓar gindin farce

A mafi yawan sassan fata, siraran jijiyoyi a tsaye suke tasowa, sai a gan su ɗigo-ɗigo. A fatar da ta rufe gindin farce kuwa, layin ƙarshe a kwance yake, don haka ana ganin kowace jijiya da ƙafafunta biyu da lanƙwasarta, tamkar harafin U a kife. Bangon jijiyar ba ya fitowa a hoto. Abin da ido ke gani shi ne jerin jajayen ƙwayoyin da ke ciki, domin sinadarin himogulobin yana shanye haske kore da shuɗi, sai jijiyar ta fito da duhu.

Marcello Malpighi ne ya fara ganin waɗannan jijiyoyi a huhun kwaɗo a 1661, ya cike giɓin da William Harvey ya bari a bayaninsa na zagayen jini na 1628. A 1912 Warren Lombard na Jami'ar Michigan ya nuna cewa ɗigon mai a kan fata yana kawar da ƙyallin haske, har a ga jijiyoyin mutum mai rai. Otfried Müller ya fitar da kundin zanensu a Jamus a 1922. Amfanin abin ga likitanci ya kankama ne a 1973, lokacin da Hildegard Maricq da Carwile LeRoy suka bayyana irin sauyin da ke faruwa a gindin farcen masu ciwon ƙandarewar fata, wato sikiloroderma.

Yadda ake gwajin a yau ba shi da wuya. Majiyyaci zai zauna minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai yanayin digiri 20 zuwa 22, ya ɗora hannu daidai da ƙirjinsa. A ɗiga mai a gindin farcen yatsu takwas, ban da manyan yatsu biyu, a ɗora na'urar da ke ninka girma sau 200. A yatsan mai lafiya ana samun jijiya 7 ko fiye a kowace milimita, faɗin kowace bai kai maikiromita 20 ba. Wadda ta haura 50 ita ake kira ƙatuwar jijiya, kuma ko ɗaya aka gani, dole likita ya tsaya ya duba da kyau.

Inda hujja ta yi ƙarfi

Cutar da gwajin ya fi tabbata a kanta ita ce sikiloroderma, inda garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, fata ta ƙandare, wani lokaci huhu da ƙoda da hanji su taɓu. Yawanci takan fara da larurar da Maurice Raynaud ya bayyana a Faransa a 1862: yatsu su ɗashe idan an ji sanyi, su yi shuɗi, su koma ja da zogi. Mutane da yawa na da wannan larura ba tare da wata cuta a ƙarƙashinta ba, aikin likita shi ne ware 'yan kaɗan ɗin da ke kan hanyar babbar cuta.

A 2000 Maurizio Cutolo na Jami'ar Genoa a Italiya ya kasa sauyin gida uku. A matakin farko ana ganin 'yan ƙattin jijiyoyi da ɗigon zubar jini, yawan jijiyoyin bai ragu ba. A mataki na biyu ƙattin sun yi yawa, an fara rasa wasu. A na uku fili ya yi fayau, sai 'yan jijiyoyi masu rassa barkatai. Wani bincike da aka buga a 2008 daga Montreal ta Kanada ya bi mutum 586 masu larurar Raynaud na tsawon shekaru. Cikin waɗanda aka samu da sauyin jijiya tare da alamar cutar a gwajin jini, kusan kashi 80 cikin ɗari sun kamu da sikiloroderma. Cikin waɗanda ba su da ko ɗaya, waɗanda suka kamu ba su kai kashi 2 ba. Shi ya sa a 2013 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka sa gwajin cikin ma'aunin tantance cutar, da maki 2 daga cikin 9 da ake buƙata.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu. Tun 1957 wani mai bincike mai suna Erasmus ya danganta ta da shaƙar ƙurar dutse a tsakanin masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu, abin da ya kamata ya sa a riƙa tunawa da masu fasa dutse a Mpape. Farfesa Olufemi Adelowo na Legas ya wallafa bayanin 'yan Nijeriya masu ita a 2009. Bincike a Amurka kuma ya nuna takan kama baƙar fata da wuri, ta kuma fi tsananta a kansu. Sai dai ɗashewar yatsa ba ta fitowa fili a baƙar fata, kuma a ƙasa mai zafi ba kasafai sanyi ke tono ta ba, don haka majiyyaci kan iso a makare.

Abin da manhaja ke yi

Karanta hoton da ido yana cin lokaci, kuma ƙwararru biyu kan saɓa a kan hoto ɗaya. Wannan ya sa aka nemi kwamfuta ta karɓi aikin. Matakan kusan iri ɗaya ne a kowace manhaja. Da farko za ta tace hotunan da suka yi dishi-dishi, ta haɗa sauran su zama faffaɗan hoto guda. Daga nan ta gano ƙololuwar kowace jijiya a layin ƙarshe, ta ƙirga su, ta auna faɗi da karkata, ta lura da ɗigon zubar jini. Idan bidiyo ne, takan bi motsin ƙwayoyin daga hoto zuwa hoto ta fitar da saurin gudun jini. A ƙarshe ta ce wannan yatsa lafiya lau, ko kuwa akwai abin dubawa.

Tawagar Farfesa Ariane Herrick a Jami'ar Manchester ta Ingila ta shafe shekaru tana gina irin wannan tsari, kuma a Sifaniya akwai manhajar Capillary.io. Manhajojin farko dokoki aka rubuta musu da hannu. Na yanzu, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, dubban hotuna ake ba su waɗanda ƙwararru suka riga suka yi wa alama, su koyi kamannin da kansu. Ke nan ilminsu bai wuce hotunan da aka ciyar da su ba.

Akwai wani reshe mai ban sha'awa. A 2018 masu bincike daga cibiyar MIT ta Amurka da abokan aikinsu a Madrid suka nuna cewa idan aka haska shuɗin haske a gindin farce, farar ƙwayar jini kan wuce a matsayin giɓi cikin jerin jajaye, domin ba ta shanye wannan haske. Da ƙirga giɓin a bidiyo suka iya gane masu shan maganin daji da fararen ƙwayoyinsu suka yi ƙasa ainun, ba tare da tsira allura ba. Daga nan kamfanin Leuko ya fito.

Tambayoyin da suka fi damun Nyanya

Wanda ya san layin marasa lafiya a Babban Asibitin Nyanya ko na Asokoro ya san sikiloroderma ba ita ce ke cika benci ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen sikila, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara. Ita ce kuma ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Dukansu biyu cututtukan toshewar siraran jijiyoyi ne.

A sikila, David Paton ya bayyana a 1961 cewa ana ganin guntayen jijiyoyi masu siffar waƙafi a farin idon majiyyaci. Herbert Lipowsky ya auna gudun jini a gindin farcen masu sikila a 1987, sannan a 2002 tawagar Anthony Cheung a Kalifoniya ta yi amfani da kwamfuta ta nuna gudun jini a farin ido yana raguwa lokacin da ciwo ya tashi. A maleriya, Arjen Dondorp da Can Ince sun leƙa siraran jijiyoyin manya masu ciwo mai tsanani a Bangladesh, suka wallafa a 2008 cewa yawan jijiyoyin da suka toshe yana tafiya da tsananin ciwon. A Blantyre ta Malawi kuwa, binciken gawa da Terrie Taylor ta jagoranta ya nuna a 2004 cewa kashi 23 cikin ɗari na yaran da aka ɗauka maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, wani abu ne daban, kuma duba jijiyoyin bayan ido shi ne ya fi bambance su.

Abin lura a nan guda biyu ne. Na farko, mafi ƙarfin waɗannan hujjoji daga ido da danshin cikin jiki suka fito, inda babu launin fata da zai tare haske. Na biyu, nuna cewa jijiyoyi sun sauya a cuta daban yake da nuna cewa hoton zai sauya maganin da za a bayar. Har yanzu gwajin jini ne ke tabbatar da sikila da maleriya da ciwon suga, kuma hoton farce bai maye gurbin ko ɗaya ba.

Gwajin siraran jijiyoyi da ya fi ceton rai a yankinmu ma ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikaciyar jinya ta danna farcen yaro ya yi fari, ta saki, ta ƙirga. Idan jini bai dawo ba bayan daƙiƙa 3, ga hannu da sanyi ga bugun jijiya da rauni, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan yaro na gaggawa ne. A wani gwaji da aka buga a 2019 kan mutum 424 a ƙasashe biyar na Latin Amurka, waɗanda aka yi wa magani bisa wannan danna farce ba su fi waɗanda aka bi da gwajin jini na laktet mutuwa ba. Raunin gwajin shi ne ido da ƙirgen kowa daban, kuma sanyi da ƙarancin haske na sauya sakamako. A nan ne kyamara da manhaja za su iya yin amfani na kusa.

Yatsan da manhaja ba ta sani ba

Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana shanye haske shuɗi da kore, wato daidai hasken da ake dogara da shi don ganin jini. Sakamakon haka bambancin jijiya da fatar da ke kewaye da ita yana raguwa, a rasa ganin wasu. Manhajar da ta ƙirga jijiya 5 a inda akwai 8 za ta ce an yi asarar jijiyoyi, alhali hoton ne bai fito ba.

Ba hasashe ba ne, an riga an ga irinsa. A 2020 Michael Sjoding da abokansa a Jami'ar Michigan suka gano cewa na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana ɓoye ƙarancin iska ga kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙar fata, a kan kashi 3.6 na farar fata. Wani nazari daga Ingila a 2021 ya duba rumbuna 21 na hotunan cutar fata da ake horar da manhajoji da su, hotuna sama da 100,000. Cikin 2,436 da aka rubuta launin fatarsu, goma ne na masu wankan tarwaɗa, ɗaya tak na baƙi. Hatta lissafin fararen ƙwayoyi na da nasa tarko, domin yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, kuma masu wannan gado kan kasance da ƙarancin wani nau'in farar ƙwaya a jini alhali lafiyarsu ƙalau.

Bayan launi, akwai rayuwar yatsan kanta. Ɗauki amaryar da aka yi wa ƙunshi: lalle ya rina fatar gindin farce ja ko baƙi, kuma sai ya yi makonni kafin ya goge. Ɗauki magidancin da ya miƙa hannu ga mai yankan farce a bakin tasha. Da ɗan almakashinsa zai bi gefen farcen ya kankare fatar gindinsa tas, ya bar ƙananan raunuka da ido ba ya gani, waɗanda a ƙarƙashin na'ura za su fito a matsayin ɗigon zubar jini. Ƙa'idar gwajin ta hana gyaran farce makonni biyu zuwa uku kafin a zo. Birkila da makanike da mai wankau, fatar yatsunsu ta yi kanta. Mai shafa man bilicin da ke ɗauke da sinadarin siteroyid, fatarta ta yi siriri, jijiyoyin sun buɗe. Ana son a kauce wa taba da kofi na sa'o'i kafin gwaji, amma takardun Turai ba su ambaci goro ba, ga shi kuwa cike da kafin. Ɗakin digiri 22 kuma, a watan Maris na Abuja, sai da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa.

Darasin Tailan ya isa misali. Manhajar Google mai duba illar suga a bayan ido ta yi fice a ɗakin gwaji, amma da aka kai ta asibitoci 11 na ƙasar, rahoton 2020 ya nuna ta ƙi karɓar kashi 21 cikin ɗari na hotunan, galibi saboda hasken ɗakunan, ga kuma jinkirin intanet.

Lissafin gwajin gayya da kasuwar tsoro

Ko da manhaja ta ƙware, akwai matsalar lissafi. Sikiloroderma na kama kimanin mutum 2 cikin 10,000. A ƙaddara an tara mutum 10,000 a filin makaranta an duba su da na'urar da ke kuskure sau 5 kacal cikin ɗari a kan masu lafiya. Za ta ɗaga wa mutum kusan 500 hankali don a gano biyu. Kowane cikinsu zai nemi gwajin jini mai tsada da ganin likitan gaɓɓai, waɗanda ba su da yawa a ƙasar. Ƙarfin sakamakon Montreal ya zo ne daga cewa waɗanda aka duba sun riga sun zo da alama.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da ya riga asibitoci isa unguwa. A garuruwanmu ana ganin masu tallan magungunan ƙarin kuzari da 'yan na'urori, suna kiran jama'a gwajin jiki kyauta. Wasu na'urorin madubin gindin farce ne na gaskiya. A ɗiga wa mutum mai, ya ga jininsa na gudu a allo, abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Sai a nuna masa wata jijiya da ta murɗe a ce jininsa ya yi kauri ko hantarsa ta gaji, a miƙo kwalba. Hoton gaskiya ne, fassarar ce ƙarya. Murɗewar jijiya da giftawar ƙafafunta abu ne da ake samu a yatsun masu lafiya, kuma babu hujjar cewa gindin farce na faɗar halin hanta. Gani ya kori ji, shi ya sa wannan yaudara ta fi ta fatar baki kama mutane. Idan aka ƙara manhajar da ke fitar da maki da jan rubutu, sai abin ya ƙara kama da ilmi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abu huɗu ne suka fito. Na ɗaya, wurin da gwajin ya cancanta a yau shi ne hannun likitan da ke duba mai alamun Raynaud ko taurin fata, kuma ƙaramin madubi mai araha da ake haɗawa da kwamfuta, ko madubin likitan fata, ya isa a ga ƙattin jijiyoyi a tura hoton ga ƙwararre a Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Na biyu, kafin a yarda da kowace manhaja, sai an san yadda jijiyoyin masu lafiya suke a nan: a tara hotuna daga mutane masu launi da sana'a daban-daban, a rubuta lalle da goro da zafin ɗaki, a gwada hasken da ya fi ratsa baƙar fata. Gari mai tara kowace ƙabila kamar Nyanya ya dace da wannan aiki. Na uku, binciken ya fuskanci cututtukanmu. Jami'ar Abuja na da cibiyar binciken sikila da Farfesa Obiageli Nnodu ta jagoranta, kuma tambayar ko hoton jijiya zai iya hango tashin ciwo kafin ya kwantar da yaro, tambaya ce da ta fi dacewa a amsa ta inda masu cutar suke. Na huɗu, doka ta yi aikinta. NAFDAC ce ke da alhakin rajistar na'urorin lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka hoton yatsan majiyyaci ba abin kwasa ba ne a tura waje ba da yardarsa ba.

Ma'aunin da za a riƙe ga duk wanda ya zo da irin wannan na'ura, ɗan kasuwa ne ko mai bincike, tambayoyi uku ne: a kan yatsun su wa aka horar da ita, wace cuta guda aka tabbatar tana ganowa, kuma me za a yi wa majiyyaci daban idan ta ce akwai matsala. Na'urar da ta amsa ukun ta cancanci kuɗin asibiti. Wadda ta kasa, a bar ta a ɗakin bincike har ta iya.